Buhun Albasa a Ƙofar Likita

Ranar Talatar da Barmo ya dawo daga wajen likitar gwaji a Ƙonni, bakinsa har kunne ya shigo gida. Ya miƙa wa matarsa Uwani tsiren da ya sayo a tasha, ya bi ta da wata takarda a cikin ambulan, ya ce ta adana masa, an gama. Uwani ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Wata shida ke nan rabon da ta ga mutumin nan ya tsaya a miƙe haka, tun ranar da katako ya zame da shi yana tsakiyar hawa mota da buhun albasa a wuya, aka kawo mata shi gida a kwance kan ƙyaure. Ta so ta yi murna, amma shekara ashirin da shida tana zaune da shi, ta san irin wannan fara'a. Ita ce wadda yake yi in ya tafka ɓarna yana jiran a yaba masa.

Washegari ko alwala bai iya tashi ya yi ba. Ita ta tallabo shi ta zaunar, ta zuba masa ruwa, ya yi sallar asuba a jingine da bango gumi na keto masa. Ƙafar hagu kuwa sai ya sa hannu ya jawo ta kafin ta bi shi. Da ta tambaye shi abin da aka yi masa a can, sai ya ce gajiyar hanya ce, motar ba ta da kujerar kirki.

Uwani ba ta yi lakwal ba, wato boko, takardar kuma da Faransanci take, don haka da hantsi ta yafa mayafi ta kai wa maƙwabcinsu Mushe Zaidu, malamin makarantar garin. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya yi mata bayani dalla-dalla. Alhajin da Barmo ke wa dako, mai manyan motocin da ke kwasar albasar Galmi zuwa Abijan, yana cikin 'yan tsirarun da suka rubuta sunayen mutanensu a asusun ma'aikata. Saboda haka duk wanda ya nakasa a bakin aiki, asusun ne zai riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Sai dai kafin nan dole likitan gwaji ya auna ƙarfin da ya rage wa mutum, ya rubuta. To, ga abin da aka rubuta wa Barmo: ya warke, abin da ya rasa na ƙarfinsa bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba, ya koma bakin aiki ran ɗaya ga wata. In bai koma ba, za a ɗauka shi ya ajiye aikin don kansa, ba shi ba asusu.

Uwani ta karɓi takardar ta ninke. Tana tsaye a wurin ranar da likitan ƙashi a Tawa ya nuna musu hoton bayan Barmo, ya ce akwai wata jijiya da ƙashi ya danne, in ya kuskura ya sake ɗaukar kaya mai nauyi, ƙafafun duka biyu na iya mutuwa. Ke nan in ya koma kan katako ya rasa ƙafa, in ya zauna gida su rasa abin sa wa a tukunya. Ta ƙirga da yatsu, kwana goma sha shida suka rage.

Yadda aka yi aka haihu a ragaya, Iliyasu ne ya kawo labarin da la'asar, da ya zo dubiya. Iliyasu shi ne sarkin 'yan dakon Alhaji, shi kuma ya raka Barmo Ƙonni. Bai ma san ɓarna yake bayyanawa ba, don da alfahari ya riƙa faɗi, Uwani na daga bakin murhu tana ji. Wai Barmo ya shiga ɗakin gwajin yana dogara sanda, sai majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe wa likitar takardu, wani Muttaƙa, ya karanta sunan ya ɗago kai. Ashe mutumin Tajaye ne, garin su Barmo, kuma yana yaro an sha ɗora shi a kafaɗa ya kalli Barmo a filin kokawa bayan girbi. Nan take ya manta da inda yake, ya ɗaga hannu ya kama kirari, Barmo na Tajaye, gagara kaye, mai gwiwar da ba ta san ƙasa ba.

Shi ke nan aka gama da Barmo. Ya jingine sandar a bango kamar ta wani ce aka ba shi riƙo. Likitar, mace ce, ta ce ya duƙa, ya duƙa har ya taɓa yatsun ƙafa. Ta ce ya ɗaga wata jakar yashi, ya ɗaga da hannu guda har bisa kai, ya tambaya ko babu wadda ta fi ta. Ta tambaye shi ina ke ciwo, ya ce ko'ina lafiya lau, sai godiya. Ta sake tambaya, ya sake rantse mata. Iliyasu ya ce wallahi shi kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Uwani ta bari baƙo ya tafi. Sannan ta shiga ɗakin, ta zauna a bakin tabarma, ta yi ta kallon gagara kaye yana fama da filo, ya kasa gyara shi a bayansa. Haushi da tausayi suka kama ta lokaci guda. Shi ya fara magana, ba tare da ya dube ta ba.

"To mi kika so in yi? Mutum ya kira ni da sunan hili, gaban mace, in ce mashi bayana na ciwo?"

"Malam, kirarin shi za shi hau maka katako ran ɗaya ga wata?"

Ya ce zai hau da kansa, ai jiki ne, in ya ji kaya zai tuna. Ta san kuma da gaske yake. Mutumin da ya tsaya sahun gaba ranar Juma'a ya yi ruku'u da sujada don kada a ce an ga Barmo na salla a zaune, ya dawo gida ya kwanta kwana uku, ba abin da ba zai aikata wa kansa ba.

Ran Alhamis ta ci ɗamara. Mushe Zaidu ya rubuta mata takardar neman a sake gwaji, ta ƙulle a bakin zane, ta bar wa Barmo fura da buta a kusa, ta hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta, daga nan ta shiga motar Ƙonni. Lokacin zafi ne, albasa ta fito, duk gefen hanya daga Galmi har Malbaza buhuna ne jere da 'yan dako suna hawa suna sauka. Ta kau da kai daga kallonsu. A asibitin aka yi ta wasa da ita daga wannan buro, wato ofis, zuwa wancan, kowa ya ce ba nan ba ne, gaba ne. Uwani kuwa mace ce da in ta zauna a kan benci sai dai bencin ya gaji. Wajen azahar aka ce ta shiga.

Likita Badi'a 'yar Damagaram ce, siririya, ba ta da yawan magana, kuma da ganin idonta ta gaji da mutane masu ƙaryar ciwo. Abin da ta saba gani ke nan: mutum ya shigo yana nishi yana jan ƙafa, in ya fita ta leƙa ta taga ta gan shi yana tsallake kwata. Ba a koya mata yadda za ta yi da mai ƙaryar lafiya ba. Ta saurari Uwani har ƙarshe, ta ciro dosiyen Barmo, wato fayil ɗinsa, ta ɗaga hoton ƙashin wajen haske.

"Inna, na ga hoton nan, bai yi mini daɗi ba, shi ya sa na tambaye shi har sau uku. Amma akwai masu irin wannan hoto da ke aikinsu lafiya. Ni abin da mutum ya yi a gabana da abin da ya faɗa da bakinsa nake rubutawa. Zan sake ba shi rana. In ya zo ya sake ɗagawa, abin da zan sake rubutawa ke nan."

Uwani ta tambaya wace ce jakar da ya ɗaga. Aka nuna mata ita a lungu, wata 'yar jakar tamfol mai mariƙi. Ta tashi ta je ta ɗaga, ta jijjiga ta, ta ajiye. Bokitin da take ɗebo ruwa da shi sau takwas a yini ya fi ta nauyi. Ta tambayi likitar wa ya ce mata wannan ne aikin mijinta. Likita Badi'a ta duba takardar da ta zo daga wajen Alhaji, ta ce kalma ɗaya aka rubuta a wurin sana'a, lebura. Mai shara lebura ne, mai ba fulawa ruwa lebura ne, kuma jakar kilo ashirin ita ce ma'aunin da ake yi wa kowa. Da Uwani ta tambaye ta ko ta taɓa ganin yadda ake lodin albasa, ta yi ɗan murmushi ta ce ita dai a cikin miya ta san albasa, in kuma tana wucewa a mota gilashi a rufe yake.

"In na kawo muku aikinai nan, ku gani da idonku, kuna rubutawa?"

Likitar ta ɗauka magana ce irin ta mutanen ƙauye, ta ce duk abin da zai nuna mata ainihin aikin tana so, doka ma ta yarda. Ta rubuta ranar Laraba mai zuwa, ƙarfe goma.

Daga Ƙonni Uwani ba ta wuce gida ba, ta sauka a wurin lodin Alhaji. Mata ba su cika shiga nan ba sai masu tallar fura, don haka da ta ratsa tsakanin buhuna tana tambayar Sarki, aiki ya ɗan tsaya. Ta samu Iliyasu a inuwar mota, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana so ran Laraba motar da za ta tashi Abijan ta tsaya a bayan asibitin Ƙonni, tun da hanyarta ce, da katakonta, a sauke buhu guda a gaban likita a sake hawa da shi. 'Yan dako suka kwashe da dariya. Wani ya ce ko likitar ce ke sha'awar albasa a kai mata tiya guda.

Uwani ta jira dariyar ta lafa. Sannan ta gaya wa Iliyasu, a gaban yaransa, cewa shi ya raka abokinsa na shekara talatin, yana zaune yana kallo aka zuga shi ya kashe kansa, bai ce uffan ba, har ya zo gida yana ba da labari. Ta ce ran ɗaya ga wata Barmo zai zo nan ya tuɓe riga, kuma Iliyasu ne zai kama kunnen buhu ya ɗora masa, don haka tun yanzu ya shirya abin da zai gaya mata in an sake kawo shi a kan ƙyaure. Ba wanda ya ƙara dariya. Iliyasu ya daɗe yana wasa da ɓawon albasa a hannu, sannan ya ce zai yi wa Bawa direba magana, Alhaji kuma ba sai ya ji ba sai an dawo.

Sauran aiki shi ne mai gayya. Barmo ya ce ba inda za shi, ba zai koma ya ƙaryata kansa gaban yarinyar da ya haifa ba. Ta lallashe shi kwana biyu, ta turo masa liman, duk a banza. Ran Talata da safe, bayan ta gama ɗaura masa mazagin wando, ta gaya masa a natse cewa in bai je ba ita za ta je, ta zauna gaban likita da majon nan na Tajaye, ta lissafa musu duk abin da take yi masa tun daga asuba, ba za ta rage ko ɗaya ba. Ta ji kunyar maganar tun kafin ta gama fita daga bakinta, don ba ta taɓa yi masa gori ba. Can Barmo ya ce ta fito masa da farar rigarsa. Batun mota da buhu kuwa ba ta gaya masa ba.

Ran Laraba suka isa da wuri. Majo Muttaƙa na ganinsu ya washe baki ya fara ɗaga hannu, Uwani ta tare shi da gaisuwa, ta tambayi iyali, sannan ta ce masa a hankali in yana da sauran kirari ya biyo su gida ya yi, a can ne ake wankin gagara kaye, sai ya kama mata. Hannun ya sauko da kansa.

Goma saura kaɗan suka ji ƙugin babbar mota a bayan katanga, warin albasa ya riga ta shigowa. Mai gadi ya fito yana faɗa, Bawa direba na ba shi haƙuri. Uwani ta leƙa ɗakin gwaji ta ce wa likita aikin ya iso. Likita Badi'a ta fito da abin awonta a wuya, ta tsaya a ƙofar baya, ta ɗaga kai tana kallon lodin da ya kusa kaiwa rassan bishiyar dogon yaro. Barmo ya biyo bayansu da sanda. Da ya ga motar, ya ga Iliyasu da wani ɗan dako Alhasan suna zaro katako, sai ya juyo ya yi wa matarsa wani kallo da ba za ta manta ba.

Aka jingina katakon a bayan motar. Faɗinsa bai wuce taki guda ba, tsawonsa ya kai gaba uku, ya sha hawa har ya yi santsi. Aka sauko da buhu guda mai hula, irin wanda ake cikawa har ya tumbatsa sannan a ɗinka masa wani rabin buhun a ka. Likita ta sa aka kawo sikelin asibiti, allurar ta zagaya ta tsaya a kilo ɗari da ashirin da shida. Ta sa hannu ta tura buhun, ko gezau. Iliyasu ya yi mata bayanin yadda ake yi: ɗan dako ba ya ɗagawa daga ƙasa, mutum biyu ke kama kunnuwa su cilla masa a wuya, shi kuma ya shiga ƙarƙashi ya tare. Shi da Bawa suka cilla wa Alhasan, ƙato ne mai shekara talatin, amma sai da gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ya hau katakon da gudu-gudu, katakon na lilo da shi, ya ajiye buhun a sama ya sauko yana haki. Likita ta tambaya sau nawa ake haka a yini. Iliyasu ya ce lokacin albasa kowane mutum na yin tamanin, wani lokaci ɗari, daga safe zuwa magariba. Ta sa ya maimaita, ta rubuta a takardarta.

A nan ne Uwani ta gane akwai abin da ba ta lissafa ba. Ta kawo buhun don likita ta gani, ta manta cewa Barmo ma zai gani, kuma a gaban abokan aikinsa, da mai gadi, da masu jinya da suka fara taruwa a bakin ƙofa. Tana juyowa ta ga ya ba bango sandarsa, ya tuɓe farar rigar ya ninke, ya naɗe rawaninsa ya ɗora a wuya yadda yake yi in zai tari kaya. Ya ce wa Alhasan ya sauko da buhun. Alhasan ya dubi Iliyasu, Iliyasu ya dubi ƙasa, amma wa zai ce wa Barmo a'a a bainar jama'a? Aka sauko da shi.

Likita ta ce ba ta yarda ba, ba ta nemi ya ɗauka ba, ta hana. Ko kallonta bai yi ba. Ya ware ƙafafu, ya sunkuya, ya dafa gwiwoyi.

"Sarki, ɗora."

Tsoro ya kama Uwani irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ita ta jawo wannan da hannunta. Ta ratsa ta shiga tsakaninsa da buhun, ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da tasa, ta yi magana yadda ba mai ji sai shi.

"Malam, ka ɗauka, na san kana iyawa, sau guda. In ka hwaɗi ni za ni ɗauke ka, kamar kullum. To ni ma bayana ya hwara, wata biyu ke nan ina ɓoye maka. Ran da nawa ya tsaya, wa za shi ɗauke mu, mu biyu?"

Tana ganin jijiyar wuyansa na harbawa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Likita Badi'a, wadda ta fara gane irin mutumin da ke gabanta, ta matso ta ce a bar buhun tukuna, ita katakon take so ta ga ya hau, hannu sake, ya je sama ya dawo. Wannan kam ba abin da mutum zai ƙi ba ne. Barmo ya miƙe a hankali, ya nufi katakon da ya hau sau dubbai.

Taku na farko lafiya, na biyu lafiya. A ƙasa ya iya ɓoye ƙafar hagun, ya san yadda zai wurga ta daga ƙugu ba a lura ba, amma katako hawa ne, sai yatsu sun ɗaga. A taku na huɗu yatsun suka ƙi, bakin takalminsa ya kama katako, ya yi tangaɗi ya buɗe hannuwa. Ya tsaya. Ya sake gwadawa, ƙafar ta ja ta tsaya inda take. Ga shi nan a tsakiya, bai kai sama ba, kuma juyowa ta gagara, katakon na rawa a ƙarƙashinsa. Alhasan ya yunƙura zai tare shi, Iliyasu ya riƙe masa hannu. Wurin ya yi tsit, sai injin motar da Bawa bai kashe ba.

Barmo ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya yi magana da muryar da kowa ya ji.

"Likita, rubuta. Ba ni iyawa."

Iliyasu da Alhasan suka sauko da shi. A cikin ɗaki, da aka rufe ƙofa, ya zauna ya faɗi komai kamar mai zubar da kaya: cewa tun ranar da ya faɗi bai san ɗumin ƙafar nan ba daga gwiwa zuwa ƙasa, cewa wani lokaci fitsari na riga shi, cewa bayan gwajin farko kwana biyar ya yi bai taka ƙofar gida ba. Likita ta sa ya rufe ido, ta tsikare shi da allura a wurare, yana cewa bai ji ba, bai ji ba, wannan ma bai ji ba. Majo Muttaƙa na rubutu, bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Daga ƙarshe ta rubuta cewa ba zai sake aikin ɗaukar kaya ba har abada, ta soke umarnin komawa aiki, ta ce dosiyen zai tafi Tawa a yanke abin da za a riƙa ba shi, kuma lalle ya koma wajen likitan ƙashi cikin makon nan. Ta buga hatimi ta miƙa wa Uwani takardar da hannu biyu.

Kwana shida Uwani tana ayyana wannan lokaci, ta ɗauka in ya zo guɗa za ta yi. Da ta ƙulle takardar a bakin zane sai ta ji ba ta da wannan ƙarfin. Ta sami abin da ta fito nema, ƙafafunsa da abincinsu, amma ita ce ta tsayar da mijinta a kan katako gaban jama'a har ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba, kuma ba ta san ko zai yafe mata ba.

Motar Bawa ta riga ta wuce. Su Iliyasu sun yi gaba tasha wai su kama musu wuri, amma ta san ba su so su haɗa ido da shi ne. Suka fito ta babbar ƙofa, rana ta take, titi cike da 'yan kabu-kabu da masu canjin naira da mata masu tuya. Tsakaninsu da inda motocin Malbaza ke tsayawa akwai wata kwata mai faɗi da tudu a bayanta. Uwani ta ja baya taku biyu kamar yadda ta saba in suna tafiya a waje, don kada a ce tana tare shi. Barmo ya tsaya a bakin kwatar, ya auna ta da ido, ya auna sandarsa. Wani mai shayi da mutanen bencinsa suna kallo.

"Uwani," ya ce, "matso ki ba ni kahwaɗarki."

Ta matso. Ya ɗora hannunsa a wuyanta, a tsakiyar titin Ƙonni da rana tsaka, ya saki nauyinsa duka a kanta. Hawaye suka zubo mata, ba ta da hannun sharewa, ɗaya na riƙe da ƙugunsa ɗaya na riƙe da sandar. Ta gyara tsayuwa ta ce ya fara da ta dama.